FANISAU: GARIN DA YA TSARE KANO JIYA, YAKE BA TA WURIN KWANA YAU

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Ƙofar Mazugal, ko Ƙofar Ruwa, ko Ƙofar Wambai da misalin ƙarfe bakwai na safe, ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau. A Daidaita Sahu da bas-bas da babura da kekuna suna ta kwararowa cikin birni, kowa yana sauri ya buɗe rumfa, ko ya kama aiki kafin rana ta ɗaga. Da magariba kuma sai ayarin nan ya juya, ya nufi bayan gari.

Baturen nan Clapperton, wanda ya iso Kano a shekarar 1824, ya rubuta cewa a zamanin ana buɗe ƙofofin birni da fitowar rana, a rufe su da faɗuwarta. Watau mai gida a birni, in yamma ta yi, sauri yake ya shiga kafin a rufe. Yau kimanin shekara 200 bayan haka al'amarin ya juye: in yamma ta yi, fita ake yi. Da yawa daga cikin masu fitan nan kuwa ba baƙi ba ne, a cikin ganuwa aka yanke musu cibiya. Ina suke zuwa? Dorayi, Rijiyar Zaki, Mariri, Panshekara, Zawaciki, Dawanau, Bachirawa, Jaba, Fanisau da sauransu. Mun zaɓi Fanisau domin tarihinta ya nuna mana a fili yadda dangantakar birni da garuruwan kewaye ta canja, da kuma abin da mai neman muhalli zai tarar in ya bi sahun masu fita.

INDA GARIN YAKE

Fanisau, wadda wasu ke rubutawa Panisau, tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, a bayan filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Mai zuwa daga birni yakan bi ta titin filin jirgi, ya ratsa Jaba. Abin da ido ke fara gani shi ne duwatsun garin, waɗanda suka tashi a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kamar yadda Dala da Goron Dutse suka tashi a cikin birni. Ƙasar wurin jigawa ce mai rairayi, irin wadda gero da dawa da gyaɗa da wake suke so, kuma a inda gini bai kai ba tukuna har yanzu ana ganin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaye a cikin gonaki.

Birnin Kano yana zaune ne a kan tudu, ruwansa ya rabu biyu. Na kudu yana gangarawa kogin Challawa, na arewa kuma yana bin Jakara, wadda ta ratsa tsohon birni kusa da Kasuwar Kurmi, ta fita ta nufi arewa maso gabas har madatsar ruwan Wasai a ƙasar Minjibir. Damina a nan gajeriya ce, wata huɗu zuwa biyar, amma ruwan Agusta yakan zo da ƙarfi. Mu riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa sa'ad da muka zo maganar fuloti.

DAGA SANSANIN YAƘI ZUWA GANDUN SARKI

Fanisau ba garin jiya ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta cikin wuraren da manyan mutanen zamanin Barbushe suka zauna, tun kafin zuwan Bagauda. Amma sunanta ya fito sosai ne a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, wanda kuma da sunansa ake yi wa birnin kirari da Kano ta Dabo. Da ya hau gado sai tawaye ya tashi ta ko'ina, mafi tsanani shi ne na Ɗan Tunku, wanda zuriyarsa ke sarautar Kazaure. Da yake haɗarin daga arewa yake tasowa, sai Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, watau gari mai ganuwa inda mayaƙa ke zaune suna tsaron hanya. Ya yi gida a can, yakan kuma daɗe a ciki, har ma Clapperton sai da ya fita daga birni ya je Fanisau domin ya gana da shi.

Bayan ƙura ta lafa, garin ya zama wurin gandayen sarki da na manyan birni. Kada mu ɓoye gaskiya, bayi ne suka yi yawancin noman nan, kuma hatsin da suka noma shi ya ciyar da fada da mayaƙa. Wani ɗan Nijeriya masanin tarihi, Mohammed Bashir Salau, ya wallafa littafi guda a 2011 a kan gandayen Fanisau kaɗai. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma ba a soke bauta gaba ɗaya bisa doka a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, gonakin kewayen birni suka shiga noman gyaɗar da aka riƙa tara dalarta a Kano. Gidan sarki da tsohon masallacin Fanisau suna nan, kuma Hawan Fanisau, wanda sarki kan fita zuwa garin a kwanakin Sallah, alama ce ta wannan tsohuwar dangantaka, kamar yadda Hawan Nassarawa da Hawan Dorayi suke.

ZIRGA-ZIRGAR FARKO TA JAKUNA CE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zirga-zirga tsakanin birni da waɗannan garuruwa sabon abu ne. Iyayenmu da suka san Kano a shekarun 1950 da 1960 za su tuna ayarin jakuna da ke shigowa da sassafe ɗauke da itace da kara da harawa da hatsi, su koma da mangala cike da takin birni, watau toka da shara da kashin dabbobi, a zuba a gona. Da wannan taki ne manoman kewayen Kano suka iya noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba. Masani Michael Mortimore da abokin aikinsa sun yi bincike a kan haka a ƙasar Ungogo, aka buga a 1965, wata Baturiya kuma mai suna Polly Hill ta yi nata a Dorayi, littafinta ya fito a 1977 a matsayin nazarin karkarar Kano. Wanda ya je Dorayi yau ya nemi karkara, sai dai a nuna masa inda take a da.

To, a wancan zamani ƙauye ne ke ciyar da birni, birni kuma ya mayar masa da taki. Mutumin da ke kan hanya manomi ne mai gona da rumbu, ya je ya sayar ya komo. Na yau kuwa ba shi da ko kunya ɗaya ta gero. Abincinsa yana birni, katifarsa ce kawai a ƙauye.

ME YA FITAR DA MUTANE DAGA CIKIN GANUWA?

An fara ginin ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, da wasu sarakunan bayansa. Waɗanda suka gina ta sun bar fili mai yawa a ciki domin noma da kiwo in an yi wa gari ƙawanya. Clapperton ya ƙiyasta mutanen birni tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Barth, wanda ya zo a 1851, shi ma 30,000 ya ƙiyasta, ban da fataken rani. A ƙidayar 2006 kuwa, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, watau Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun tashi mutum kimanin miliyan 2.8, Ungogo kaɗai tana da fiye da 360,000. An kuwa daɗe da wuce wannan adadi.

Filin cikin ganuwa ya ƙare. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, alhali su ne ke shanye ruwan damina. Ganuwar kanta an ci ta a wurare da dama. Sai kuma maganar gado. Gidan da kaka ya gina, mai zaure da soro da tsakar gida, in ya rasu 'ya'ya goma suka gada, sannan jikoki arba'in, ba ya rabuwa. Sau da yawa mafita ita ce a sayar, kowa ya karɓi rabonsa. Mai sayen kuwa, musamman a kusa da Kurmi da Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, ɗan kasuwa ne da zai rushe ya yi shaguna da sito. Rabon magaji ɗaya ba zai sayi ko ɗaki a unguwarsu ba, amma zai sayi fuloti a bayan gari. Haka ɗan birni ke zama mutumin Fanisau ko Bachirawa.

Ga yawancin masu karatunmu hanyar daban ce, amma wuri ɗaya ta kai mu. Tun 1913 Turawa suka keɓe Sabon Gari domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka cika da ma'aikata da tsofaffin sojoji. Waɗannan unguwanni su ma sun cushe, kuɗin haya kullum gaba yake yi, gidajen kwana suna komawa shaguna da otal. Malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da makanike, da ɗan fansho, duk sun wayi gari suna tambayar dillali inda ƙasa take da sauƙi. Ta haka ɗan cikin ganuwa da ɗan Sabon Gari, waɗanda tsarin Turawa ya raba wa mazauni, suka zo suka haɗu a layi ɗaya a bayan gari, katanga na jingine da katanga.

GONA TA ZAMA FULOTI

A tsakiyar tsohon gari har yanzu ana samun ginin gargajiya: tubalin jar ƙasa, rufin azara, yaɓe da makuba, zankwaye a kan soro, indararo na zubar da ruwa waje. Irin wannan gini yana da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu, sai dai yana son yaɓe a kai a kai, maginan da suka iya shi kuma suna ƙarewa. Da an fita daga tsohon gari sai bulo da siminti da kwano, ciki da falo, da shago a gaba domin haya. Gidaje da yawa an kai su linta an tsaya, ana jiran albashi ko adashi.

Yawancin filayen nan ta hanyar awon igiya aka same su. Manomi ko magadansa su sayar wa dillali gona, dillali ya kawo igiya ya yanka ta ƙafa 50 da 50, wani lokaci ma 25 da 50, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu. Da yake kowane taku kuɗi ne, sai a matse hanya har motar kashe gobara ba ta iya shiga, ba a bar wurin makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa ba. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Sai ruwan Agusta ya sauka mutum ya gane cewa a kan hanyar ruwa ya yi ɗakin kwanansa.

Ba wai hukuma ba ta taɓa yin tsari ba ne. Akwai shirin raya birnin Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya tsara. An gina rukunin gidaje irin su Kundila da Ɗanladi Nasidi, sannan tsakanin 2011 da 2015 aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Amma duk a haɗe ba su kai yawan masu bukata ba, kuma farashin da yawa daga cikinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Igiyar dillali ta fi takardar hukuma sauri.

A Ingila ma an yi irin wannan fita. Sa'ad da aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa a ƙarni na 19, ƙananan garuruwan da ke kewaye da Landan suka cika da ma'aikata masu kwana a can, su shiga birni da safe. Bambancin shi ne, a can jirgi ne yakan fara zuwa, gidaje su bi shi. A nan gidaje ne ke fara zuwa, titi da famfo da wuta su biyo baya, in sun biyo.

ARAHA BA TA ADO

Wanda ya tsere wa kuɗin haya, kada ya ɗauka ya tsere wa biya. Na farko akwai kuɗin mota. A watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano da kewaye, A Daidaita Sahu ta zama abin hawan talaka. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Mu yi lissafi mai sauƙi. Mutumin da ke hawa abin hawa biyu kafin ya kai wurin aiki, biyu kuma a dawowa, kwana shida a mako, ya biya kuɗin mota sau 24 ke nan a mako, kusan sau 100 a wata. In matarsa tana aiki, yara biyu kuma suna makaranta a cikin gari, sai mai karatu ya ninka da kansa.

Na biyu akwai ruwa. Inda famfo bai kai ba, sai rijiya, ko rijiyar burtsatse ga mai hali, ko a jira 'yan garuwa da kurarsu. Na uku, wanda ba a rubuta shi a takardar ciniki, shi ne lokaci. Uba ya fita yara suna barci, ya dawo sun yi barci. In haihuwa ta zo da tsakar dare, ko zazzaɓi ya kama yaro, sai a ga nisan da ba a gani ba ranar da ake taya fuloti. Zumunci ma yana raguwa, domin gaisuwar da a da ake yi da ƙafa, yanzu sai an ware mata kuɗi da yini guda.

Mutanen garin na asali su ma suna biyan nasu. Manomin da ya sayar da gona ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, ya yi aure, ya sayi babur, ya gyara gida. Bayan shekara kaɗan kuɗi sun ƙare, gona kuwa ba ta dawowa. Ɗansa sai ya zama lebura ko mai gadi a kan ƙasar da kakansa ya noma. Ko da yake an kafa yankin ciniki maras haraji a Fanisau, ga kuma filin jirgi a kusa, yawancin masu neman abinci har yanzu birni suke dosa.

KAFIN KA BA DA KUƊINKA

Ba muna cewa kada a fita ba ne. Mallakar ɗaki ɗaya ta fi zaman haya da fargabar takardar tashi. Amma rigakafi ya fi magani, don haka ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, je ka ga filin da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi da inda kududdufi yake a da. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, in gonar gado ce, ka tabbata an raba, kuma dukan magada sun yarda, har da mata. Rigimar fili da yawa daga ɗan'uwan da ke tafiya ranar ciniki take tasowa.

Na uku, ka sani cewa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Kafin ka biya, ka bincika a ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane ta KNUPDA ko wurin yana kan hanyar da aka tsara, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko cikin filin hukuma. Wannan ya fi muhimmanci a kusa da filin jirgi.

Na huɗu, ka bi hanyar da kanka da ƙarfe shida na safe da kuma bayan magariba, ka lissafa kuɗi da lokaci, ka haɗa da farashin fuloti, sannan ka yanke shawara tare da iyalinka.

Na biyar, in ka tare, kada ka zama baƙon dare. Ka je ka gai da mai unguwa da dagaci, ka san maƙwabcinka na dama da na hagu ko daga ina ya fito, ka halarci suna da jana'iza, ka sa hannu in ana aikin gayya na yashe kwata ko cike rami. Unguwannin da suka sami taransifoma ko makaranta ko ɗan asibiti, galibi waɗanda mazaunansu suka haɗa kai suka yi ta bin hukuma ne. Ranar da wuta ta kama ko ɓarawo ya haura, ba ɗan'uwanka na Sabon Gari ko na Mandawari zai fara zuwa ba, wanda kuke katanga ɗaya da shi ne.

Ga hukuma kuma, roƙonmu shi ne ta riga igiya isa gona: a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa da filin makaranta tun ƙasa tana gona, domin rushe gidan talaka bayan ya gama gini ya fi tsada, ya kuma fi ciwo. A samar da manyan motocin haya masu sauƙin kuɗi a kan hanyoyin da ma'aikata ke bi, a kuma bar wasu gonaki da itatuwa, domin birnin da ya cinye gonakinsa duka daga nesa zai riƙa sayen abinci.

Fanisau ta tsare Kano a zamanin Dabo, ta ciyar da ita a zamanin jakuna da gyaɗa, yau kuma tana ba 'ya'yanta wurin kwana. Yaran da ake haifa a sababbin layukan nan ba su san wani gida ba sai nan. In an tambaye su daga ina suke, Fanisau za su ce. Ya rage namu mu bar musu gari mai hanya da ruwa da maƙwabtaka, ba tarin ɗakunan kwana kawai ba. Allah ya ba mu zama lafiya da juna.